SHARHI: An sauya tsohon jirgin shugaban ƙasa, amma har yau ba a nuna wa masu kuɗin rasit ba

Ba daga bakin Fadar Shugaban Ƙasa 'yan Najeriya suka samu tabbacin cewa an saya wa shugabansu sabon jirgin sama ba. Daga wata kotu a birnin Paris labarin ya ɓullo. A tsakiyar watan Agustan 2024 aka wayi gari da rahoton cewa kotun ta ba wani kamfanin ƙasar Sin mai suna Zhongshan Fucheng izinin riƙe jiragen gwamnatin Najeriya uku, saboda bashin da yake bi tun bayan da Gwamnatin Jihar Ogun ta raba gari da shi kan kula da wani yankin ciniki maras haraji. Kwamitin sasanci da ya zauna a Landan ya yanke wa kamfanin diyya a 2021, wadda idan aka haɗa da kuɗin ruwa ta kai wajen dala miliyan 70, Najeriya kuma ba ta biya ba.

Biyu daga cikin jiragen sanannu ne: Falcon 7X da ke ajiye a filin Le Bourget kusa da Paris, da Boeing 737 ɗin da shugabanni biyar suka hau tun daga Olusegun Obasanjo. Na ukun ne baƙo. Airbus A330 ne, yana filin Basel-Mulhouse da ke kan iyakar Faransa da Suwizalan, kuma har zuwa wannan rana gwamnati ba ta sanar da cewa ƙasar ta mallake shi ba. Bayan 'yan kwanaki kamfanin ya ce ya saki wannan ɗin domin nuna kyakkyawar niyya. Ranar 19 ga Agusta Shugaba Bola Tinubu ya shige shi daga Abuja zuwa Faransa. A ranar ce mai magana da yawunsa, Bayo Onanuga, ya bayyana cewa jirgin ya maye gurbin Boeing ɗin mai shekara 19, cewa an same shi ƙasa da farashin kasuwa sosai, kuma zai rage wa ƙasar miliyoyin daloli na gyara da mai a kowace shekara. Sanarwar ba ta faɗi nawa aka biya ba.

Kwana tara ke nan da ƙarewar zanga-zangar tsadar rayuwa da matasa suka yi daga 1 zuwa 10 ga Agusta, wadda ta jawo dokar hana fita a Kano da Jigawa da Yobe da Borno, kuma ƙungiyar Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a cikinta. Hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a watan Yuni, a ƙididdigar gwamnati da kanta. Sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 bai cika wata guda da zama doka ba. Kuɗin jirgin da jaridu suka ruwaito, wato dala miliyan 100 ko fiye, ya zarce naira biliyan 150 a canjin lokacin: albashin wata guda na ma'aikata fiye da miliyan biyu da ke karɓar mafi ƙarancin albashi.

Shekara guda bayan haka muhawarar tana nan inda aka bar ta. Wasu na cewa ran shugaban ƙasa ya fi ƙarfin lissafin kuɗi, wasu na cewa ba a sayen jirgi ana kwana da yunwa. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, amma dukansu sun tsallake tambayoyin da za su raba gardamar: da wane ma'auni aka yanke cewa tsohon ya gama aiki, nawa aka biya, kuma da izinin wa kuɗin suka fita daga baitulmali.

Hujjar da ba za a yi watsi da ita ba

Adalci ne a fara da abin da ke goyon bayan gwamnati, domin matsalar da ta ambata ba ƙirƙira ba ce. A watan Afrilun 2024 jirgin da ya kai Shugaba Tinubu ƙasar Holan ya samu matsala, sai da aka ɗauki shatar wani ya kai shi Riyadh taron tattalin arziki na duniya. A watan Mayu Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya fasa zuwa taron kasuwanci na Amurka da Afirka a birnin Dallas saboda tangarɗar jirgi. A watan Yuni Kwamitin Tsaro da Tattara Bayanan Sirri na Majalisar Wakilai, ƙarƙashin Ahmed Satomi mai wakiltar Jere a Jihar Borno, ya binciki ayarin jiragen Fadar Shugaban Ƙasa, ya tarar rabin jiragen shida ba sa iya tashi a lokacin, ya kuma ba da shawarar a sayi sababbi biyu, ɗaya na shugaba ɗaya na mataimaki.

Lokacin ma ya taimaka wa wannan hujja. Ranar 19 ga Mayu Shugaban Iran Ebrahim Raisi ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu. Ranar 10 ga Yuni Mataimakin Shugaban Malawi Saulos Chilima ya rasu a wani jirgin soja. Najeriya kuwa ba ta buƙatar aron misali. A watan Janairun 1996 wani jirgin ayarin fadar ya faɗi dab da Kano, Ibrahim ɗan Janar Sani Abacha na cikin waɗanda suka rasu. A Disambar 2012 Gwamnan Kaduna Patrick Yakowa da Janar Andrew Azazi suka mutu a jirgin sojan ruwa a Bayelsa. A Mayun 2021 Babban Hafsan Sojan Ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, ya rasu da mutum goma a Kaduna. Rasuwar shugaba a kan mulki tana girgiza ƙasa, duk wanda ya ga ruɗanin rashin lafiyar Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2009 da 2010 ya san haka.

Akwai kuma batun sirri da mutunci. Shugaban da ke cikin jirgin haya na kamfanin waje bai san wanda ke sauraron maganarsa ba. Najeriya ba ta da kamfanin jiragen sama na ƙasa da za a koma gare shi, tun da Nigeria Airways ya durƙushe a 2003, shi kuma Nigeria Air da aka yi bikin nunawa a Mayun 2023 ya ƙare a jirgin aro daga Habasha.

Sai dai jerin haɗurran nan ba ya tabbatar da abin da aka kawo shi ya tabbatar. Binciken Iran ya ɗora alhakin mutuwar Raisi kan hazo mai kauri a tsaunuka. Binciken Malawi ya nuna rashin kyawun yanayi da shawarar ci gaba da tafiya a cikinsa. Rundunar sojan Najeriya ma yanayi ta ambata a haɗarin Attahiru. Abin da waɗannan suka koyar shi ne muhimmancin horon matuƙa, da na'urorin sauka, da ƙarfin halin cewa babban mutum yau ba za a tashi ba. Sayen wani jirgi ba ya maganin ko ɗaya daga ciki.

Yadda ake auna tsufan jirgi

Masu sana'ar jirage ba da shekarar haihuwa kaɗai suke auna tsufa ba. Ma'auni uku suke dubawa. Na farko awannin da jirgin ya yi a sama. Na biyu yawan tashi da sauka, domin duk lokacin da jirgi ya hau sama ana cika cikinsa da iska, gangar jikinsa ta ɗan buɗe, idan ya sauko ta koma, wannan buɗewa da komawa ce ke gajiyar da ƙarfe. Na uku shi ne kwanan wata: akwai binciken da dole a yi bayan wasu watanni ko shekaru ko da jirgin bai motsa ba, har zuwa babban garambawul da ake kwance shi kusan gaba ɗaya bayan shekaru shida zuwa goma.

A ma'auni biyu na farko, Boeing ɗin da aka yi wa ritaya bai tsufa ba. Da aka sa shi a kasuwa a watan Yulin 2025 yana ajiye a Basel, tallar ta nuna bai cika awa 4,000 a sama ba, saukarsa kuma ba ta kai 2,000 ba, a cikin shekara ashirin. Wato abin da bai wuce awa huɗu a mako ba. Irinsa da ke jigilar fasinja yakan yi awa takwas zuwa goma a yini, ya cinye waɗannan awanni cikin ƙasa da shekara ɗaya da rabi. Samfurin ma ba ya cikin waɗanda kayan gyaransu suka yi wuya, tun da Boeing ya ƙera kusan 7,000 na wannan zubin, dubbai kuma suna aiki har yanzu. Jirage biyun da ke ɗaukar shugaban Amurka sun fara aiki ne tun 1990 da 1991.

Ma'auni na uku ne ke cin kuɗi. Jirgin da ke yawan zama yana da nasa ciwon: tsatsa, da bushewar robobi, da na'urorin lantarki da zamani ya wuce. Kuma ana biyan kuɗin binciken kwanan wata daidai da wanda ke tashi kullum. Galibin wannan aiki a ƙasashen waje ake yi, da dala ko yuro. Da aka saki naira a watan Yunin 2023 ta faɗo daga wajen 460 zuwa sama da 1,500 a kan dala, kuɗin gyaran ya ninka sau uku a lissafin naira ba tare da an ƙara ko ƙusa ɗaya ba. Don haka mai yiwuwa ne jirgin ya zama kaya mai nauyi. Takardun gyaransa ne za su tabbatar, su kuwa ba a fitar da su ba.

Abin da ya ƙara ɗaure kai shi ne shekarun magajin. Sabon jirgin na hannu ne. An ƙera shi a 2009, ya yi aiki a hannun wani kamfani da ke Jidda, rahotanni kuma sun ce wani bankin Jamus ne ya karɓe shi a kan bashi kafin a sayar wa Najeriya. Shekararsa 15 lokacin da ya iso, tazarar shekara huɗu ke nan tsakaninsa da wanda aka ce ya tsufa. Idan shekara 19 ce iyakar da jirgin shugaban ƙasa zai kai, to wannan zai cika ta a 2028, a dawo kan maganar nan daga farko. Sayen na hannu ba laifi ba ne, sau da yawa ma shi ne hikima. Amma wanda ya sayi mai shekara 15 ya rasa bakin cewa shekaru ne suka kori mai 19.

Lissafin mai da girman jiki

Iƙirarin cewa sabon jirgin zai rage kuɗin mai shi ne ya fi buƙatar hujja. A330 babban jirgi ne mai faɗin ciki, wanda kamfanoni ke ɗaukar fasinja kusan 250 da shi. Nauyinsa a cike ya haura tan 230, na Boeing ɗin kuwa bai kai tan 80 ba. A awa guda a sama yana shan mai fiye da ninki biyu na abin da ƙaramin ke sha. Kuɗin sauka da na ajiya a filayen jiragen duniya da nauyi ake lissafa su. Injinansa sun fi tsadar garambawul, kuma sai an horar da matuƙa da injiniyoyi daga tushe, domin lasisin tuƙa Boeing ba ya aiki a kan Airbus.

Yana da fifikonsa: ya fi cin dogon zango ba tare da yada zango shan mai ba, kuma yana ɗaukar tawaga gaba ɗaya, abin da zai iya rage tura jirgi na biyu ko sayen tikiti. Idan a nan ragin yake, lissafi ne mai sauƙi da za a iya bugawa a shafi ɗaya: kuɗin awa guda a tsohon, kuɗin awa guda a sabon, da adadin awannin da ake sa ran yi a shekara. Ba a buga ba.

Abin da jama'a suka iya gani shi ne kasafin kuɗi. A 2024 an ware wa ayarin jiragen kimanin naira biliyan 20.5. A daftarin kasafin 2025, shekarar farko bayan sayen jirgin da aka ce zai kawo sauƙi, adadin ya haura biliyan 55. Kaso mai yawa na garambawul ɗin injinan sauran jiragen ne, don haka ba za a ɗora wa A330 ƙarin duka ba. Amma hakan ma shaida ce cewa sayensa bai taɓa asalin ciwon ba. Sannan a farkon 2025 jirgin ya tafi Afirka ta Kudu aka yi masa fenti da launin ƙasa, ya yi watanni a can, shugaban ƙasa kuma yana tafiye-tafiye da wani Boeing mai rajistar San Marino. Hawan jirgin da ba na ƙasa ba da aka ce an gudu, shi aka koma.

Daga wane aljihu?

Sashe na 80 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 bai bar ƙofa ba: ba a fitar da kuɗi daga asusun gwamnatin tarayya sai da dokar da Majalisar Tarayya ta zartar. A kasafin 2024 babu layin da aka rubuta sayen jirgin shugaban ƙasa. A ƙarshen watan Yuni Shugaban Majalisar Dattawa Godswill Akpabio ya shaida wa zauren cewa babu wata buƙata irin wannan da ta iso gabansu, ko da yake ya nuna za su amince idan ta zo. Bayan makonni bakwai jirgin ya sauka a Abuja.

Fadar Shugaban Ƙasa ta jingina da shawarar kwamitocin majalisa. Shawarar kwamiti kuwa ba dokar kasafi ba ce. Kwamiti na iya cewa ya kamata a saya, amma zauren majalisa ne kaɗai ke cewa ga adadin da za a kashe. Rahotannin jaridu sun ce an ɗebo kuɗin ne daga asusun gama-gari na kasafi da ake kira Service Wide Vote, wanda aka tanada domin hidimomin da ba na ma'aikata ɗaya ba da kuma larurar da ba a zata ba. Jirgin da aka san ranar ƙera shi tun 2005 ba ya tsufa ba zato ba tsammani. Abu ne da ake iya hangowa shekaru biyar kafin lokaci, a sa shi a kasafi, a yi muhawara a kansa a bainar jama'a.

Ƙofa ta biyu da ake bi ita ce ta tsaro. Ayarin jiragen yana ƙarƙashin Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, hafsoshin sojan sama ne ke tafiyar da shi. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, a sashe na 15, ta keɓe kayan da suka shafi tsaron ƙasa daga ƙa'idojinta, sai in shugaban ƙasa ya ce a bi. Ma'ana, wanda za a saya wa jirgin shi ne mai ikon cewa a yi takarar farashi ko kada a yi. Babu mai neman a bayyana na'urorin sadarwa ko na kariya da ke jikin jirgin. Farashi, da sunan dillali, da la'adar da ya karɓa, ba sirrin tsaro ba ne. Kwangilar dala biliyan 3.9 da Amurka ta ba Boeing a 2018 domin sababbin jiragen shugabanta a fili take, har da jinkirin da aka samu da asarar da kamfanin ya tafka. Muddin ba a faɗi adadi ba, cewa an saya da araha cinikin biri a sama ne.

Ayari ɗaya, kamfanoni biyar

Rahoton kwamitin Satomi ya lissafa jirage shida: Boeing 737 ɗaya, Gulfstream biyu, Falcon 7X biyu, da Challenger 605 ɗaya, ban da masu saukar ungulu shida. Jirage shida daga kamfanoni huɗu, da zuwan Airbus suka zama biyar. Duk kamfanin jiragen da ke son tsira yana ƙoƙarin tsayawa kan samfuri ɗaya ko biyu, domin kowane samfuri yana buƙatar matuƙansa, da injiniyoyinsa, da rumbun kayan gyaransa, da kwangilar kulawarsa. Ayarin da aka tara ɗaya-ɗaya, kowace gwamnati da zaɓinta, dole ya yi tsada kuma dole rabinsa ya riƙa zama a ƙasa.

Tarihin tarin a bayyane yake. Obasanjo ya sayi Boeing a 2005. A 2010 gwamnatin Goodluck Jonathan ta amince da sayen Falcon 7X biyu da Gulfstream G550 ɗaya a kan kimanin dala miliyan 150. Muhammadu Buhari ya zo da alƙawarin rage ayarin da ya kai jirage goma. A Oktoban 2016 ya miƙa wa sojan sama masu saukar ungulu biyu, ya sa Falcon ɗaya da Hawker 4000 a kasuwa, amma kuɗin kula da ayarin ya ci gaba da hawa har ya sauka daga mulki. Babu gwamnatin da ta taɓa fitar da takarda mai cewa jirage nawa ƙasar ke buƙata, wane iri, kuma yaushe za a sauya kowanne.

Babu kuma dokar da ta fayyace wa jama'a wanda ya cancanci hawa. A Janairun 2020 an yi ce-ce-ku-ce da ɗiyar Shugaba Buhari ta je Bauchi ɗaukar hotuna da jirgin ayarin, fadar ta ce iyalan shugaba suna da wannan dama. A Oktoban 2023 an maimaita da ɗan Shugaba Tinubu ya je kallon wasan folo a Kano. Kowace awa da aka ƙona a irin wannan tafiya tana matso da ranar garambawul na gaba.

Abin da ya faru a maƙwabta

Najeriya ba ita ce ta fara shiga wannan rigima ba, kuma ƙarshen labarin wasu ya isa izina. A 2014 gwamnatin Mahamadou Issoufou a Nijar ta sayi Boeing 737 a kan kimanin sefa biliyan 20, domin maye gurbin wanda aka saya tun zamanin Seyni Kountché a shekarun 1970. 'Yan adawa sun yi ca saboda ƙarancin abinci da ambaliya. Amma tsohon ya haura shekara talatin, kuma minista ya fito ya faɗi adadin. A 2021 Senegal ta sayi A320neo sabo fil, da matsin lamba ya yi yawa gwamnatin Macky Sall ta bayyana farashinsa, sefa biliyan 57 da 'yan kai.

Mali ce ta bi ɗaya hanyar. A 2014 gwamnatin Ibrahim Boubacar Keïta ta sayi jirgi na kimanin dala miliyan 40 ba tare da yana cikin kasafi ba. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya dakatar da tallafinsa na watanni, babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya bankaɗo aringizo a wannan ciniki da na kayan soja. Bayan shekara bakwai aka kama Soumeylou Boubèye Maïga, wanda shi ne ministan tsaro lokacin cinikin, ya kuma rasu a tsare a 2022. Cinikin da aka ɓoye ba ya ɓacewa, jiran sauyin gwamnati yake yi.

Masu ganin sayar da jirage zai dawo da kuɗin su ma akwai abin da za su duba. Meziko ta sayi Boeing 787 a kan dala miliyan 218. Shugaba López Obrador ya ƙi hawansa, ya yi fiye da shekara huɗu yana neman mai saye ana biyan kuɗin ajiya, a 2023 Tajikistan ta ɗauka a kan kimanin dala miliyan 92. Jirgin da aka ƙawata wa mutum ɗaya masu sayensa kaɗan ne. Wannan ya shafi Boeing ɗin da aka sa a kasuwa a Basel a 2025, zai kuma shafi A330 gobe.

Tsufan da ba a yi wa gaggawa ba

Akwai wasu jiragen gwamnati da suka fi waɗannan tsufa nesa ba kusa ba, kuma su ne ke yi wa talaka aiki kai tsaye. Jiragen dakon kaya samfurin C-130 na sojan sama an sayo su ne a shekarun 1970 da 1980. Su ke kai sojoji fagen daga, su ke dakon kayan zaɓe da na agaji. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, ɗaliban Najeriya, galibinsu 'yan Arewa, suka yi kwanaki a kan iyakar Masar. C-130 da jirgin kamfanin Air Peace ne suka kwaso rukunin farko daga Aswan a farkon watan Mayu. Irin wannan jirgi ne ya faɗi a Ejigbo a Legas a Satumbar 1992 da hafsoshi fiye da 150. Idan shekaru ne abin tsoro, jirgin da ya haura arba'in yana ɗauke da 'ya'yan talakawa ya fi cancantar zaman gaggawa na kwamiti.

Birtaniya ta nuna akwai tsaka-tsaki. A 2016 ta gyara ɗaya daga cikin jiragen A330 na sojan samanta a kan kimanin fam miliyan 10 domin ɗaukar firaminista da gidan sarauta, idan ba ya wannan aiki kuma ya koma ba jiragen yaƙi mai a sama. Jirgi mai girman wanda Najeriya ta saya zai iya kwaso ɗaruruwan 'yan ƙasa daga inda rikici ya ɓarke, in da an tsara cikinsa da wannan niyya. Ba a taɓa jin an kawo wannan zaɓi teburin muhawara ba, domin ba a yi muhawarar ba.

Abin da ya rage a nema

Jirgin ya riga ya zo, ba za a mayar da shi ba. Amma kwamitin majalisa jirage biyu ya ba da shawara, ɗaya aka saya, kuma cikin sauran akwai wanda ya haura shekara ashirin. Ciniki na gaba yana tafe, abin da aka yarda da shi a wannan karon shi zai zama al'ada.

Kayan aikin neman amsa suna nan a doka. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma, ta kuma wajabta amsa cikin kwana bakwai. Ko inda ta yarda a ɓoye bayani saboda tsaro, ta ce a bayyana idan maslahar jama'a ta rinjayi illar. Sashe na 88 na kundin tsarin mulki ya ba majalisa ikon bincike, Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya kuma yana da hurumin duba kowane asusu. Abubuwan da za a nema ba su da yawa: cikakken farashin A330 da kuɗin gyaransa da fentinsa, layin kasafin da aka ɗebo kuɗin, sunan dillali da la'adarsa, kuɗin da aka kashe a kan Boeing a shekaru biyar na ƙarshe, kuɗin hayar jirage tun daga 2023, da inda kuɗin tsohon zai shiga idan an sayar. Bayan wannan sai doka da za ta ƙayyade yawan jiragen, da masu hawa, da wajabta kawo duk wani sabon saye gaban zauren majalisa da sunansa.

Gwamnatin da ta cire tallafin mai a ranar da ta hau mulki ta roƙi jama'a su yi haƙuri, ta ce lissafi ne ya tilasta. Jama'a sun ga wannan lissafi a gidan mai da kasuwa. Idan lissafin jirgin ma yana da kyau kamar yadda aka faɗa, babu wanda zai fi gwamnati cin ribar fitar da shi.